Ban san kod ba, laftof ɗina tsoho ne: da wace manhaja zan fara koyon haɗa shafin intanet?

Aska_Takwas

Assalamu alaikum. Don Allah masana a taimaka mini da shawara, a kuma yi haƙuri da tsawon rubutu.

Ni ɗan cikin birnin Zariya ne, ta wajen Ƙofar Kuyambana. Sana'ar gidanmu ɗinkin hannu ne na manyan riguna. Baba ya gada, mu ma mun taso mun tarar. Aska biyu, aska takwas, duk muna yi, a kan shadda ko saƙi, ga kuma huluna da matan gida ke ɗinkawa. Ciniki yawanci ta hannun dillalai ne da ke kwasa su kai Kano da Abuja, sai ɗaiɗaikun mutane da wani ya ba su lambarmu. Riga mai aiki sosai takan ci wata biyu a hannu, wani lokaci ma fiye, amma in ka ji abin da dillali ya sayar da ita a Abuja sai jikinka ya yi sanyi. Dalilin da ya sa nake son shafi ke nan. Mai naɗin sarauta ko ɗaurin aure ya ga aikinmu da idonsa, ya yi magana da mu kai tsaye.

Na tuntuɓi wani matashi mai irin wannan aiki. Kuɗin da ya yanka mini ya kusa na riga biyu, kuma ya ce duk sanda za a canza hoto ko farashi sai an kira shi. Baba na jin haka ya ce a bar maganar. Ni kuma na ce tunda na gama difloma ina zaune, bari in koya da kaina.

Ga halin da nake ciki. Ban taɓa rubuta kod ba. Iyakar sanina da kwamfuta shi ne Word, ɗan Excel, da CorelDraw kaɗan da na tsinta wajen masu buga katin biki a Tudun Wada. Laftof ɗin na yayana ne ya bar mini, ram giga 4, batirinsa ya mutu, ana ɗauke wuta shi ma ya bi ta. Data kuwa daga waya nake jonawa.

Na shiga YouTube, kaina ya ƙara ɗaurewa. Wannan ya ce Wix, ja ka ajiye kawai. Wancan ya ce WordPress ko ba komai. Wani kuma ya ce duk ɓata lokaci ne, ƙirƙirarriyar basira za ta haɗa maka shafi kafin ka sha shayi. Na buɗe ɗaya daga cikin irin waɗanda ake aiki da su a kan intanet kai tsaye, fankar laftof ta kama ihu, data ta zube, ni kuwa ban wuce zaɓen launi ba.

To wace manhaja ta dace da mai irin kayan aikina? Dole ne sai na biya kuɗi tun daga farko, kuma da dala? Gaskiya ne in ban koyi kod ba aikin banza zan yi? Kuma ranar da babu wuta, akwai abin da zan iya ci gaba da yi a waya? Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Samaru

Wa alaikumussalam. Ƙanena, zan faɗa maka abin da masu bidiyon nan ba sa faɗa don ba ya jan 'yan kallo: ajiye manhajojin tukuna, ka ba HTML da CSS wata guda.

Yanzun nan buɗe Notepad ka rubuta wannan:

`<meta charset="utf-8">`
`<h1>Ɗinkin Hannu na Zariya</h1>`
`<p>Aska takwas a kan shadda, aikin wata biyu.</p>`

Ka adana shi da sunan index.html, ka lura kada ya ƙare da .txt. Danna fayil ɗin sau biyu. Chrome zai buɗe, ka ga layin sama da manyan baƙaƙe, na ƙasa da ƙanana. To ka haɗa shafi ke nan. Ba ka ƙona data ba, fankar ma ba ta san an yi ba.

Duk abin da Wix ko Elementor ke yi bai wuce wannan ba. Kai kana jan akwati da linzami, su suna rubuta maka HTML da CSS a bayan fage. HTML ne ke faɗin mene ne abu, kanun magana ne, sakin layi ne ko hoto. CSS ke faɗin kamanninsa, wato launi da girma da tazara. Ranar da hoton rigarka ya leƙa waje ta gefen allon waya, kuma zai leƙa, wanda ya san `max-width: 100%` zai gyara cikin minti ɗaya, wanda bai sani ba ya kwana yana danne-danne. Shafin farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee ya ɗora a cibiyar bincike ta CERN a 1991, rubutu ne zalla da mahaɗai, har yau ana iya buɗe shi, kuma ko da netwok ɗin ƙauye zai fito nan take. CSS sai 1996 ya zo. Duk ƙyale-ƙyalen da kake gani yanzu a kan waɗannan biyun aka ɗora su.

Wajen koyo ba sai ka biya ko sisi ba. freeCodeCamp na da darasi daga tushe, kana rubutawa kana ganin sakamako a gefe. W3Schools ma haka, kuma rubutu ne ba bidiyo ba, datarka za ta huta. Ranar da babu wuta, akwai manhajar Acode a Android, za ka rubuta HTML a waya ka duba shi a nan take, sai dai yatsa zai gaji. In ka gama, GitHub Pages zai ajiye maka shafin a intanet kyauta. In kuma kai mai son aji da malami ne, leƙa cibiyar Iya Abubakar a ABU ka tambayi kwasa-kwasansu, sannan ka riƙa sa ido kan shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023.

Maganar ƙirƙirarriyar basira kuwa, za ta rubuta maka kod, ba musu. Amma in ba ka iya karanta abin da ta rubuta ba, ka koma hannun wani ke nan kamar yadda ka gudu daga hannun matashin can.

Maman_Hanifa

Injiniya, da girmamawa, amma ban yarda ba. Ku masu boko kullum sai kun mai da mutum aji ɗaya. Yaron nan bai ce zai zama injiniya ba, riguna yake son sayarwa, kuma akwai dattijon da ya riga ya ce a bar maganar. In ya shafe wata yana nuna wa Baba baƙin rubutu a kan farin allo, ai maganar ta mutu.

Ɗana, ni turaren wuta da humra nake haɗawa a Gyallesu, kuma shafina da hannuna na yi shi, da WordPress, ina goyo. Ga yadda zan ba ka shawara.

Kada ka sayi komai yanzu. Akwai manhaja kyauta mai suna Local, tana girka maka WordPress a cikin laftof ɗinka, ka yi ta gini kana rushewa ba tare da intanet ba. Tana da ɗan nauyi wajen saukewa, don haka ka nemi inda ke da wayifai ko ka jira datar dare. In ta yi wa laftof ɗin yawa, XAMPP ma na yin wannan aikin, sai dai ya fi ta wuyar saiti. Kana shiga za ka ga samfura birjik. Kada ido ya ruɗe ka. Ɗauki marar nauyi, irin Astra ko Kadence ko wanda ya zo da WordPress ɗin, ka yi aiki da editan bulo-bulo da ke cikinsa tun 2018. Elementor na da daɗin aiki, amma da ram giga 4 za ka fi jin daɗin na asali.

Shafuka huɗu sun ishe ka: na farko, na kaya, na tarihin gidanku, na yadda za a same ku. Shi ke nan. Kada ka sa hotuna masu zagayawa da kansu, kada ka sa kiɗa, kada ka sa kwandon sayayya tukuna. Wa zai danna maɓalli ya biya kuɗin babbar riga bai ji muryar mai ita ba? Mutanenmu sai sun yi magana, sun tambayi tsawo da faɗi, sun yi tayi. Abin da kake buƙata maɓallin WhatsApp ne babba a ƙarƙashin kowace riga. Mahaɗin da sauƙi: wa.me, sai sanda (/), sai 234, sai lambar ba tare da sifirin farko ba. Ranar da ciniki ya kai a biya ta shafi, WooCommerce da Paystack na nan suna jiranka.

Yanzu ga inda aikin gaske yake, kuma babu manhajar da za ta yi maka shi: hoto. Ka fito da rigar da hantsi, a inuwa, ba cikin tsakiyar rana ba kuma ba da fitilar waya ba, don shadda na da ƙyalli, haske mai ƙarfi na cinye zanen. Jikin bango fili, ba igiyar shanya ba buta a bayanta. Hoto ɗaya na rigar a baje gaba ɗaya. Ɗaya na aljihu da askakin, ka matso har a ga zare ɗaya-ɗaya. Ɗaya na wuya. Sannan ka juya ta ka ɗauki cikin ɗinkin, domin mai sanin riga ta nan yake rabe aikin hannu da na keke, kuma shi ne mutumin da zai biya kuɗinku. In Baba ya yarda, ɗauki hannunsa riƙe da allura, ko fuskarsa ba ta fito ba.

Kafin ka ɗora kowane hoto sai ka rage masa nauyi. Hoton waya yakan kai mega uku zuwa biyar. Goma irinsa a shafi ɗaya, mai saye a Maraɗi zai rufe kafin na biyu ya fito. Buɗe Squoosh a burauza, kyauta ne, ka mai da faɗin hoton 1200, ka zaɓi WebP, ka ja ma'aunin har nauyin ya sauka ƙasa da kilobait 200. Da ido ba za ka ga bambanci ba. Wannan aikin da rubuta bayanin kowace riga duk a waya za ka iya yin su ranar da babu wuta, wuta na dawowa sai ɗorawa.

Abu na ƙarshe, duk abin da ka gina ka duba shi a girman waya, don kusan duk masu zuwa da waya za su zo. A Chrome danna F12, sannan Ctrl da Shift da M tare, allon zai tsuke kamar na waya. In maɓalli ya yi ƙanƙanta da babban yatsa, ƙara masa girma.

HTML ɗin Injiniya za ka koya, amma a hanya, ranar da buƙatarsa ta taso.

Tsohon_Kafe

Salamu alaikum. Na karanta ku duka. Ni na riƙe kafe a Samaru zamanin da ɗalibai ke sayen tikitin awa don duba Yahoo, kuma shafin farko da na yi wa wani da FrontPage na yi shi, manhajar Microsoft da aka daina tun bayan fitowar 2003. Bayanta muka koma Dreamweaver. Ina faɗin haka ne don yaro ya san manhaja na zuwa ta wuce. Waɗanda a cikinmu suka ɗan leƙa kod ɗin da FrontPage ke rubutawa sun ci gaba da cin abinci, saura sun koma buga takardu. Don haka Injiniya na da gaskiya. Amma tsari irin na Hajiya ne ke sa mutum ya ɗore, domin wanda ya ga abu ya tsaya da ƙafarsa a makon farko ba ya gudu.

Zan yi magana ne kan abin da ba su taɓa ba, wato mallaka da kuɗi.

WordPress iri biyu ne, kuma nan sababbi ke ruɗewa. Manhajar kanta, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, kyauta ce, a WordPress.org take, kuma yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Ita Hajiya ke nufi. WordPress.com kuma kamfani ne da ke ajiye maka shafi a wajensa. Tsarinsa na kyauta na sa talla, ba ya barin ka ƙara fulogin (ƙananan manhajojin da ke ƙara wa shafi aiki), kuma sunansu na manne a adireshinka. Wix ma tsarinsa na kyauta haka yake da talla da adireshi, sannan shafin da ka gina a Wix ba ya ɗaukuwa zuwa wani masauki, in za ka tashi sai ka sake gini. Bambancin kamar na shagon haya ne a filaza da shagon da ka gina a filinka. Na haya an share an yi fenti, shiga kawai za ka yi, amma ba ka fasa bango, kuma ranar tashi ba ka tafiya da ginin. Ban ce haya laifi ba ce. Wanda ke son shafi ɗaya tak na nuna kaya, Google Sites ko Blogger sun ishe shi, kyauta ne, kuma duka biyun suna karɓar sunan da ka saya. Amma kai da ka ce koyo kake so, WordPress na kanka ya fi, don gobe maƙwabta za su ce ka yi musu.

Abu biyu ake biya, kuma duk shekara ne: sunan shafi, da masaukin da fayilolin za su zauna. Ba sai da dala ba. Sunaye masu ƙarewa da .ng hukumar NiRA ke kula da su, kuma tana da jerin kamfanonin da ta amince su yi rajista. Suna karɓar naira, da kati ko taransifa. Mai .com.ng ya fi .ng zalla araha, kuma ya ishe ku. Ƙaramin masauki ma ya isa, kada a sayar maka da babba. Ka tambaya kafin ka biya ko suna ba da kwaɗon tsaro na SSL kyauta, irin na Let's Encrypt, domin tun 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro, mai saye kuwa yana gani zai ja da baya. Ka kuma tambayi kuɗin sabuntawa, ba na shekarar farko kaɗai ba, wani lokaci ba ɗaya ba ne.

Yanzu ka buɗe kunne. Sunan shafin a yi rajistarsa da imel ɗinku, da lambar gidanku, ba na aboki ba, ba na wanda ya taya ka ba, ko da ni ne. Wani mai makarantar Islamiyya ya taɓa zuwa wajena hankali a tashe. Wanda ya yi musu shafi da imel ɗinsa ya yi rajista, ya bar gari, lambarsa ta daina shiga. Shekara ta zagayo, sunan ya mutu, alhali an buga shi a allon makaranta da rasit da kalanda. Babu abin da na iya yi masa sai sabon suna.

Sannan za ka ci karo da masu raba samfura da fulogin na kuɗi a kyauta a Telegram. Kada ka taɓa su. Sau da yawa an cusa musu ƙofar baya, wata rana ka wayi gari shafin rigunan Baba na tura mutane wajen caca. Ka sa fulogin UpdraftPlus ya riƙa ajiye maka kwafi a Google Drive, ka riƙa sabunta komai in an ce ka sabunta, kada kuma sunan shigarka ya zama admin.

Kafin ma shafin ya tashi, yi wa shagon rajista a Google Business Profile. Kyauta ne, shi ke sa ku fito a taswira in wani ya nemi masu ɗinkin riga a Zariya.

Aska_Takwas

Jama'a na gode, Allah ya biya ku. Ga inda aka kwana.

Injiniya, na yi na Notepad ɗin, ya fito, har na kira ƙanena ya gani. Mama, na sauke Local a wajen wani abokina a Kongo. Yana ɗan jan ƙafa wajen tashi amma yana aiki, in dai na rufe komai na bar shi da Chrome. Na yi shafin farko da na kaya, riguna shida. Hoton cikin ɗinkin nan da kika ce, shi ya fi kowanne kyau.

Na kai wa Baba bayan la'asar. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sai ya nuna wata aska biyu ya ce wannan ba hannunsa ba ne, na ƙaninsa ne, a rubuta haka. Daga nan ya kawo ƙorafi biyu. Na farko, bai yarda a rubuta farashi ba, ya ce riga ba tumatir ba ce, kuma dillalanmu za su gani su ji haushi, su ne ke ɗaukar kaya lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Na biyu, ya ce hoton da na matso sosai, masu keken kwamfuta za su kwafe zanen su buga shi cikin yini ɗaya su sayar da arha. Ban san amsar da zan ba shi ba.

Sai matsalar da ta fi ƙarfina. Na zaɓi wani salon rubutu mai kyau don kanun shafi, amma duk inda ɗ ko ƙ ko ɓ suka fito sai su bambanta da sauran baƙaƙen, sirara kamar an aro su, a wayar ƙanena ma akwati ne ke fitowa a gurbinsu da na tura masa. Kuma Malam Tsohon_Kafe, in na gama a laftof, ta yaya zan ɗauke shi zuwa intanet? Sake ginawa zan yi?

Injiniya_Samaru

Hajiya, kin ga ranar buƙatar ta zo da wuri.

Ƙanena, salon da ka zaɓa ba a zana masa baƙaƙenmu masu lanƙwasa ba. In burauza ta nema ta rasa sai ta aro daga wani salon, shi ne siraran da ka gani. In na'urar ba ta da inda za ta aro, sai akwati. Yawancin salon ado haka suke. Koma Noto Sans, ko Andika, ko Charis SIL, duk suna da su manya da ƙanana. Kafin ka amince da kowane salo, rubuta "Ɓaɓɓaku ƙwarai ɗinki Ƴaƴa" a wajen gwajinsa a Google Fonts ka zuba ido. In kana son ganin abin da ke faruwa, danna dama a kan kanun, zaɓi Inspect, ka nemi layin `font-family`. Canza sunan a nan ka ga shafin ya sauya a gabanka. Ba ya ɓata komai, kana sabunta shafin zai koma yadda yake. Ka riƙa yin haka a shafukan mutane ma, ta nan da yawanmu muka koya.

Ka kuma rubuta taƙaitaccen bayani da Turanci a ƙasan na Hausa, don masu saye daga Legas da Ilori.

Maman_Hanifa

Injiniya na ji, an ba ka wannan.

Maganar Baba kuwa, a gaishe shi, dattijo ya san kasuwarsa. Kada ka ja da shi kan farashi. Ni ina sa nawa don kwalbar humra kuɗinta ɗaya ne, amma riga kowace da aikinta. Rubuta irin yadin, irin zaren, da tsawon lokacin da aikin ke ci. Wanda ya karanta "wata biyu a hannu" ya san ba kayan dubu goma ba ne, masu wasa za su rage kansu. Dillalai ma ba ku taka su ba.

Batun kwafa, gaya masa mai keke ba ya jiran shafinku. Duk rigar da aka sa a hawan salla an ɗauke ta hoto ta ko'ina. Amma don hankalinsa ya kwanta, sa sunan gidanku a jikin kowane hoto da CorelDraw ɗinka, dishi-dishi a tsakiya ba a gefe ba inda za a yanke. Zanen da ya fi ji da shi kuma kada a ɗora shi gaba ɗaya, a nuna kusurwa, sauran sai a WhatsApp ga wanda ya yi da gaske. Kuma ya yi daidai da ya ce a rubuta sunan mai hannun. Masu saye na son sanin wanda ya yi musu aiki.

Tsohon_Kafe

Ba sake gini za ka yi ba. Akwai fulogin masu naɗe shafin gaba ɗaya su mai da shi ƙunshi, Duplicator ko All-in-One WP Migration. Ka girka WordPress fanko a masaukin da ka saya, ta cPanel, wato allon sarrafa masaukin, dannawa kaɗan ne, sannan ka kwance ƙunshin a ciki. Hotunan da ka rage wa nauyi za su taimake ka a nan, don wasu masaukan na ƙayyade girman fayil ɗin da za a ɗora. Bayan ka kwance, shiga saitin Permalinks ka danna adanawa ko ba ka canza komai ba, in ba haka ba wani lokaci shafukan ciki su ƙi buɗewa. Ka kuma duba Settings, Reading, ka tabbatar ba a sa alamar hana Google ganin shafin ba.

Karon farko ya fi kyau a yi shi kusa da wanda ya saba. Ina shago a Sabon Gari ranar Asabar, akwai sola, na tura maka kwatance ta saƙo. Taho da laftof da cajarsa, da katin banki mai kuɗin suna da masauki. Ku zauna da Baba ku fitar da suna uku, gajeru, marasa baƙi mai lanƙwasa, ko da an riga ku na farko. Ka zo da wayar da za a yi rajista da lambarta, don a nan za a turo lambar tabbatarwa.